Abincin Kumai a Kan Sikeli

Litinin, 6 ga Oktoba 1975, da yamma

Yau ranar awo ce. Mata sun cika rumfar asibitinmu har wasu na zaune a gindin mangwaro. Na rataya yara a sikeli har kafaɗata ta ƙage, na yi jawabin da nake yi kullum a kan abinci mai gina jiki, muka rufe da waƙarmu:

Ƙwai da wake, gyaɗa da kifi,
Ba wa yaro, ya yi ƙarfi.

Ni na tsara ta, kuma ba cika baki ba, daga nan Kafanchan har Zonkwa babu zumuntar matan cocin da ba ta iya ta ba.

Da aka watse na ɗora nawa, Kumai. Nauyinsa daidai. Kullum nauyinsa daidai ne. Wata mata da ta tsaya ɗaura goyo ta ce wa 'yar'uwarta da yare, tana zaton ba na ji: "Dubi gashin ɗan Sista Regina, ja kamar na masu tamowa." Na yi kamar ina gyara ƙugiyar sikeli.

Kirsimetin nan zai cika shekara biyu. Ba ya tafiya. Bai ce komai ba tukuna, ko "Mama". Hellen, abokiyar aikina, ta ce 'ya'ya maza nauyin baki gare su. Na ce haka ne.

Laraba, da safe

Na ƙara masa ƙwai, yanzu safe da yamma. Mama ce ke ba shi idan ina wurin aiki, uwar mijina Silvanus, wadda ta baro gonarta a Manchok ta zo riƙe mana yaro. Sunan marigayi mijinta yaron ya ci, don haka ba ta kiransa sai "maigidana".

Wa ya ga Mama da ɓare wa yaro ƙwai! Lokacin da ta zo, cewa ta yi a gidansu ba a yi, yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo zai zama, ya fara da akurki ya ƙare a gidan yari. Mun sha daga da ita. Na kawo mata hotuna, na kawo mata Fasto, duk a banza. Sai da na kai ta ɗakin masu tamowa ta ga yara da kumburarrun ƙafafu, na danna ƙafar ɗaya da yatsa ta ga ramin ya ƙi cikowa. Ranar ba ta ci tuwo ba. Washegari ta aika Manchok a kawo mata kajinta. Yanzu ita ke tare matan unguwa a bakin famfo tana koya musu waƙata, da Hausarta da ba ruwanta da namiji ko mace, kowa "kai" ne.

Na yi masa wanka kafin in fita, na sake yi. Warin nan bai tafi ba, wari kamar na ɗakin da ɓeraye suka mayar gida. Na canja sabulu, na shanya katifa. Ni da nake koya wa mata tsabta.

Juma'a, da rana

Abin ya zo masa yau, jijjigar nan mai kama da farfaɗiya, a kan tabarma. Bai daɗe ba. Mama ta ce sanyi ne.

Talata, 14 ga wata, da yamma

Wani likita ya zo daga Zariya, Likita Wilfred. Ɗan Zangon Katab ne, ya yi karatu a waje, yana magana kamar jirgi zai bar shi. Bincike yake yi a kan jinin masu tamowa. Aikina in riƙe diddigen yaro, shi ya soka ya ɗiga jinin a kan wata takarda mai kauri.

Mama ta tafi gaisuwar mutuwa, sai na je aiki da Kumai a baya. Muna cikin yi Likita ya tsaya, ya ɗaga hanci. Kunya ta kama ni har ƙafa.

"Yaron wa ne wannan?"

"Nawa ne, Likita."

Ya ce in ba shi nafkin ɗin da ya jiƙa. Na zaci ban ji daidai ba. Ya ɗauko wata 'yar kwalba ya ɗiga ruwanta a kai, nan take wurin ya koma kore shar. Daga nan bai ƙara yin wasa da kowa ba.

"Sista, me yake ci?"

Na lissafa masa, har da ɗan alfaharina. Ya cire tabarau ya ce, "Kullum?" Na ce kullum.

Hellen ce ta riƙe masa diddigen. Yaran mutane nawa na riƙe ina cewa "yi haƙuri, ya wuce", amma nawa sai na tsinci kaina a waje ina kallon tankin ruwa. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Asabar, da safe

Ba labari daga Zariya. Ya ci ƙwansa.

Alhamis, 23 ga wata, da yamma

Likita ya dawo. Ya rufe ƙofar ofis, ya shimfiɗa wata doguwar takarda a tebur, duk ɗige-ɗige masu ruwan shuni a jere. Zan rubuta abin da ya ce yadda na ji shi, don in Silvanus ya tambaya kada in rikice.

Ya ce jiki ba ya ɗaukar ƙwai a matsayin ƙwai. Farfasa shi yake yi ƙanana-ƙanana, wajen iri ashirin, ana ce musu amino asid. Kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana ɗaukar abin da take bukata ta gina nama da jini da ƙwaƙwalwa, ragowar ta sarrafa shi ta zubar. Abin da yake aunawa ke nan a takardarsa: nawa aka gina, nawa aka zubar, me ya yi saura.

Ya nuna mini layin wani yaro, ɗigon bai wuce ƙwayar dawa ba. Ya nuna na Kumai a wuri guda, faɗinsa kamar kwabo.

"Guda ɗaya ne cikin ashirin ɗin jikinsa ba ya iya sarrafawa. Da haka aka haife shi. Taruwa yake yi a jini ya hau kai. Shi ya ja gashin nan, shi ne warin, shi ne abin da ke zuwa masa. Ba tamowa ba ce, Sista. Kama kawai ta yi."

Na ce to a daina ba shi gaba ɗaya mana.

"Ba zai yiwu ba. In babu shi sam, jiki ba zai gina komai ba. Zai juya ya ci naman kansa, abin ya sake fitowa daga naman ya taru. Kaɗan za a ba shi, a kan awo. In ya yi yawa kai ya sha wuya, in ya yi kaɗan jiki ya sha."

Ya ce akwai wata madara da ake yi a Ingila, an cire mata wannan guda ɗayan an bar sauran. Ya riga ya rubuta a aiko. Kafin ta iso, sai mu yi ta lallaɓawa.

"Amma daga yau a tsaya: ƙwai, wake, gyaɗa, kifi."

Haka ya jera su. Bai san waƙar ba, amma haka ya jera su.

Na tambaye shi ko yaron zai yi magana. Ya daɗe yana naɗe takardar, sannan ya ce, "Abin da ya rage muke ƙoƙarin tsarewa, Sista." Ban tambayi abin da bai rage ba.

Juma'a, da safe

Na gaya wa Mama. Tana tsintar acca, ta ajiye faifan.

"Kai ne ka ce kwai."

"Ni ce, Mama."

"Ni na ce kwai ba kyau, ka kawo Fasto. Ka kai ni na ga yara, na yi kuka. Yanzu na yarda, ka ce kwai ba kyau. Wanne ne Regina na gaskiya?"

Na ce ga sauran yara yana da kyau, ga Kumai ne kawai ba shi da kyau. Ta dube ni kamar na ce ruwa na jiƙa kowa ban da ɗana. Ta koma yare ta yi ta faɗa da kajinta.

Silvanus ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Ku 'yan asibiti kun fi sani." Ya karɓi aikin jirgin ƙasa na Fatakwal, wanda da yake gudu saboda kwana a hanya.

Litinin, da yamma

Ranar awo. Na ce wa Hellen maƙogwarona na ciwo, ita ta ba da waƙar.

Laraba, 29 ga wata, da rana

Na aro ƙaramin sikelin ɗakin magani na ajiye a tebur. Rogo, koko mai ruwa, kabewa, gwanda, manja, sukari, sai madara da cokali. Komai sai na auna. Ni da nake zagin matan da ke cika wa yaro ciki da rogo, yau ga ni ina dama shi da manja ina masa kirari.

Ba ya so. Yana tura cokalin, yana miƙa hannu wajen tukunya, yana kuka irin wanda babu kalma a ciki. Mama ta koma cin abincinta a bayan ɗaki don kada ya gani. Ni ma na koma.

Ina jin haushin kowa. Na yi wa mai gawayi tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Na ji haushin ɗan maƙwabta da yake ihun "Mama, Mama" ba gaira ba dalili, uwar kuma tana ce masa ya rufe mata baki.

Talata, 4 ga Nuwamba, da yamma

Sakamakon jini na biyu ya zo. Ɗigon ya ragu. Likita ya aiko a ce mini mu ci gaba haka.

Yau da nake ba shi koko ya bi cokalin da ido, daga kwano har baki. Sannan ya dube ni. Ba ta gefena ba, ni ya duba. Abin nan ma ya kwana biyu bai zo ba. Na shiga ɗaki na durƙusa na yi wa Ubangiji alkawari: ranar da yaron nan ya furta kalma, ko wace iri ce, zan kai akuya coci in yi godiya a gaban kowa, in yi rawa har gaban bagadi, ko da ni ce na fi kowa rashin iya rawa a zumunta.

Juma'a, da safe

Madarar Ingila ta iso Legas. An ce jiragen ruwa sun yi cincirindo a bakin teku, yawancinsu siminti suka ɗauko, kowa na jiran layi. Gwangwanayen ɗana na cikin ɗaya daga cikinsu. Ba wanda ya san wanne.

Laraba, 12 ga wata, da yamma

Nauyinsa ya sauka. Na sauke shi na gyara sikelin na sake ɗora shi. Ya sauka.

Da nake masa wanka na ga ƙafafunsa sun yi sheƙi. Na danna da babban yatsa. Ramin ya tsaya. Na san ramin nan, da shi nake cin abinci. Mama na tsaye da tawul, ta gani, na ga ta gani.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Lahadi, bayan sujada

Matan zumunta sun zo gaishe mu, su da kakinsu da tulun kiɗa. Shugabarmu Mama Magdalene ta yi addu'a mai tsawo, ta roƙi Allah ya buɗe bakin yaro ya ƙarfafa ƙafafunsa, muka ce amin. Sannan suka fito da abin da suka kawo, don ba a zuwa gaida maras lafiya hannu rabbana: kwandon ƙwai, ƙullin gyaɗa, busasshen kifi.

"Sista, ke kika koya mana. Yau mun kawo miki naki."

Suka kama waƙar, suna tafi. Kumai na kan cinyar Mama yana kallon kwandon. Na buɗe baki in yi bayani, sai na ga fuskokinsu, matan da wasu sai da suka hana 'ya'yansu kafin su tara wannan. In na ce ƙwai na cutar ɗana, gobe rabinsu za su daina ba wa nasu. Na ce na gode, Allah ya saka.

A bakin ƙofa na ji wata na cewa, "Wai likitan Zariya ne yake gwaji da shi. Dubi yadda ya koma." Mama ta ɗauke kwandon ta kai ɗakinta.

Alhamis, da rana

Na je gidan waya na yi ta jira har aka haɗa ni da Zariya. Layin na ƙara kamar ana suya. Na gaya wa Likita maganar ƙafafu. Ya ce in ƙara cokali ɗaya na madarar kanti da nake auna masa, kada in wuce. Na ce cokali ɗaya, Likita? Yaro na kumbura! Ya ce ya sani, amma in na wuce, abin da muke tsarewa ne zai tafi. Gaba kura, baya sayaki.

Madarar tana Legas.

Asabar, da safe

Silvanus ya kwana gida. Ya ɗauki yaron ya yi ta zagaye tsakar gida da shi, yana yi masa kukan jirgi. Da zai koma aiki ya tsaya a ƙofa ya ce, "Regina, kin tabbata?" Na ce ban tabbata da komai ba.

Laraba, 26 ga wata, da yamma

Kumburin ya saɓe. Kumatunsa sun ɗan ciko. Ya daina kukan rana, in na dawo aiki nakan same shi yana barci a bayan Mama. Ashe cokali ɗaya na iya wannan aiki? Na gode wa Allah, na kuma gode wa Likita a zuciyata, har na ji kunyar tsawar da na yi masa a waya.

Warin ya ɗan dawo. Wataƙila katifar ce.

Talata, 2 ga Disamba, da yamma

Likita ya zo da kansa. Ɗigon ya koma kamar kwabo.

Ya ce abu biyu ne ke kawo haka, kuma takardarsa ba ta iya bambance su. Ko dai yaron na samun abin fiye da kima, ko kuma yunwa ta sa jikinsa na cin kansa. In na farko ne a rage, in na biyu ne a ƙara. In aka yi kuskure, ko ta wane gefe, yaron ne zai biya. Mutum da karatunsa da kwalabensa, ya zauna ya dafe kai kamar ni.

"Ba wanda ke ba shi wani abu a gida?"

Na ce babu. Ni nake aunawa da hannuna.

Abin ya zo masa bayan tafiyar Likita. Wannan karon ya daɗe.

Alhamis, da safe

Mama ta ce kajinta sun daina ƙwai, wai lokacinsu ne. Ban tambaye ta ba. Ban kuma tambayi kwandon zumunta ba.

Asabar, da rana

Madarar tana Legas.

Litinin, 8 ga wata, da yamma

Mata ba su zo awo da yawa ba, kowa na gonar citta. Na dawo gida da wuri.

Na samu Mama zaune a tabarma a tsakar gida, Kumai a jikinta. Ba ta ji shigowata ba. Daidai nan jar kazarta ta fito daga akurki tana kyarkyara. Yaron ya juya kai. Ya ɗaga hannu wajen akurkin, ya buɗe baki.

"Kwai."

Sarai, kamar babba. Jakata ta faɗi.

Mama ta waigo. Ta yi saurin jan bakin zaninta, amma ɓawon ya riga ya zubo a tabarma. Ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma roƙe ni ba.

"Kafan shi ya kumbura, Regina. Kai ne ka kai ni na ga yara masu kumburi. Kai ne ka ce in ba a ba su ba za su mutu. Maigidana ya mutu sau ɗaya. Ba zan zauna da kwai a ɗaki ya mutu na biyu ba."

Ƙafafun nan ita ta saɓe su, ba cokalina ba. Ɗigon nan ma ita ce. Ina so in yi mata ihu, ina so in rungume ta, ban yi ko ɗaya ba. Na wuce akurki na sa hannu, ƙwan na nan da ɗuminsa. Nufina in kai shi nesa.

Da na juyo ya gan shi a hannuna. Ya dube ni, ni ɗin nan, ya buɗe tafinsa ya sake faɗa.

Na yi wa Ubangiji alkawarin akuya. Na ce ko wace iri ce.

Mama ta shiga ɗakinta ta rufe. Ƙwan na nan a tebur kusa da sikeli, ban ba shi ba, ban kuma iya fita da shi ba. Yaron na kan cinyata ina rubutun nan, hannunsa a miƙe, ya fara gajiya, muryar na komawa kuka. Na san ba zan ba shi ba. Na san ya kamata in ɓoye ƙwan ya manta.

Amma in ya yi shiru sai in ɗan gusa da shi gabansa, in ce, "Kumai, mene ne wannan? Sake faɗa wa mamanka."